Ajalin Tanderun Narkar da Tama da Dabarun Tsawaita Shi: Laccar da Aka Gabatar a Kakuri

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya ɓoye ƙarfe a cikin duwatsu, sa'an nan ya sanar da ɗan Adam hanyar fitar da shi. Bayan haka, ya shugaban wannan zama, ya malamaina, ya iyayenmu maƙera da suka tsallako kogi daga Panteka, da tsofaffin ma'aikatan masaƙun Kakuri, da 'yan'uwa injiniyoyi, da ƙannena ɗalibai, Musulminku da Kiristanku, ina gode muku da kuka bar harkokinku kuka zo sauraron maganar wuta da tubali.

Abin da aka ɗora mini in yi bayani a kansa shi ne dabarun da mutanen wannan zamani suka gano na sabunta ginin cikin babban tanderun narkar da tama, da hanyoyin da suke bi su tsawaita kwanansa. Na kuwa san akwai tambayar da ke zukatan da yawa daga cikinku tun ban fara ba, ita ce: ina ruwan mutanen Kaduna da gyaran tanderun da ba su da shi, alhali kuwa a duk faɗin Nijeriya guda ɗaya tak aka taɓa ginawa, can a Ajaokuta bakin Kogin Kwara, shi ma har yau ba a taɓa hura masa wuta ba? Tambaya ce mai hujja, jawabinta kuwa shi ne maƙasudin wannan lacca baki ɗaya. Ra'ayina, wanda zan yi ƙoƙarin kafa masa dalili, shi ne cewa ilmin gyaran tanderu ya gabaci kunna shi, kamar yadda sharaɗi ke gabatar abin da aka sharɗanta, domin tsawon ran tanderu ana yanke shi ne tun ranar da aka zaɓi tubalin gindinsa, da kuma kowace rana da masu kula da shi suka riƙe amanarsa ko suka yi sakaci da ita.

Ba baƙi ba ne mu a wannan sana'a. A Taruga, cikin yankin al'adun Nok, wanda garin da ya ba shi suna yake nan kudancin jiharmu, Bernard Fagg ya tono matoyan tama waɗanda aka ƙiyasta shekarunsu da ƙarni huɗu ko biyar kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. An tono irinsu a Samaru kusa da Zariya. Tarihin Kano kuwa ya fara ne da maƙeran da suka zo gindin Dala neman tama. Sai dai matoyar kakanninmu ta yumɓu ce, ana cika ta da tama da gawayin ƙirya, a yi ta zuga, a fitar da dunƙulen ƙarfe wanda bai narke ya zama ruwa ba, in ta tsage a yaɓe ta, in ta lalace a gina wata, ba tare da asarar da ta wuce ta 'yan kwanaki ba. Tanderun da muke magana a kansa yau wani al'amari ne daban, kuma girmansa ne ya mai da gyaransa fanni mai zaman kansa.

Ku sawwala hasumiya ta ƙarfe wadda zurfin cikinta ya kai mita 30, mai ƙunci a wuya, mai faɗi a ciki, an gine cikinta da tubalin da ke jure wuta. Ta sama ana zuba tama da kok, wato kwal da aka toya har ya zama gawayi mai tauri, da dutsen farar ƙasa, hawa bisa hawa. Ta ƙasa kuwa, ta bakunan iska da aka jera kewaye da ita, ana hura iska mai zafin digiri 1,200 a ma'aunin Selsiyos, wadda idan ta gamu da kok sai zafin ya haura digiri 2,000, iskar da ta fito daga ƙonewar ta yi sama tana ratsa tamar, tana zare mata oksijin ɗin da ya ɗaure ƙarfenta, har bayan sa'o'i shida zuwa takwas abin da aka zuba dutse ya iso ƙasa yana ɗiga. Ƙarfen, da zafin digiri 1,500, yakan taru a kaskon gindi, kashin tama kuwa, da yake ya fi shi sauƙin nauyi, ya taso bisa kansa, sai a huda kafar zuba a tsiyaye su. Abraham Darby ne ya fara narkar da tama da kok a Ingila a 1709, James Neilson kuma ya zo da dabarar hura iska mai zafi a 1828. Har yanzu kuwa kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfen duniya ta wannan hanya yake fitowa, kuma babban tanderu guda kan zubo tan 10,000 a rana.

Babbar ƙa'idar da ta bambanta wannan tanderu da sauran injunan da kuka sani a masaƙa ko a wurin haɗa motoci ita ce, idan aka hura shi ba ya hutu, ba dare ba rana, ba Juma'a ba Lahadi, ba Salla ba Kirsimeti, har sai ranar da ajalinsa ya cika. Ana iya dakatar da iska na 'yan sa'o'i ko 'yan kwanaki bisa shiri da tadbiri, amma idan aka bar shi ya huce da kaya a cikinsa, to, ƙarfe da kashin tama da kok za su daskare su zama dutse guda, tubalin ya tsattsage, farfaɗo da shi ya zama aikin watanni da dukiya mai yawa, wani lokaci ma ya gagara. Saboda tsoron wannan ne, ranar Asabar 12 ga Afrilu 2025, majalisar dokokin Birtaniya ta katse hutunta ta zauna, ta zartar da doka a yini guda, wadda ta ba gwamnati ikon karɓe ragamar masana'antar Scunthorpe, don kada tama da kok su yanke wa tanderu biyun da suka rage wa ƙasar.

To, me ke kashe tanderu, tun da ba a barinsa ya huce? Ginin cikinsa ne ke cinyewa, kuma kowane sashe da irin cutarsa. A sama, gogar dutse da ke gangarowa ke lashe shi. A tsakiya, hawa da saukar zafi ke fasa tubali, sa'an nan gishirai dangin kanwa da tutiya, waɗanda ke shigowa tare da tama da kok, su zama tururi su kutsa cikin tsagar, su kumbura ta daga ciki; dama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Amma duk waɗannan cututtuka ne masu magani, domin ana iya kai musu hannu. Wurin da hannu ba ya kaiwa, wanda kuma shi ne ke yanke ajali, shi ne kaskon gindi, inda ruwan ƙarfe ke kwance shekara da shekaru. Ana gina shi da manyan tubalan kabon, saboda kabon ba ya narkewa a wannan zafi kuma yana miƙa zafi waje da sauri. Illarsa ɗaya ce, ruwan ƙarfe yana shan kabon muddin bai ƙoshi da shi ba. A tsakiyar kaskon akwai tulin kok da ke zaune, idan kuwa kok ɗin marar ƙarfi ne ya farfashe ya toshe hanyoyin da ke tsakaninsa, sai ƙarfen da ke neman kafar zuba ya kasa ratsawa ta tsakiya, ya koma bin gefen bango yana kewayawa, yana zaizayar kusurwar da bango ya haɗu da daɓe, har ya yi wani kogo da ma'aikata ke kira ƙafar giwa. Idan wannan kogo ya ci tubali ya isa ɓawon ƙarfe na waje, ruwan ƙarfe ya ɓalle, musiba ce da kan ci rayuka. Ku lura da silsilar sababin nan, domin za mu komo gare ta: mugun kwal da aka saya don arha a wata tasha mai nisa shi ne ke huda bangon kasko bayan shekaru.

Magabatan injiniyoyi sun ɗauka maganin zaizaya shi ne kaurin bango, suka yi ta ƙara tubali bisa tubali, amma duk da haka tanderu bai cika wuce shekara biyar zuwa bakwai ba sai an rushe cikinsa an sake. Hikimar da ta sauya al'amarin ita ce gane cewa babu tubalin da zai daɗe yana fuskantar ruwan ƙarfe ido da ido, kuma abin da ke kare bango shi ne ƙarfen kansa idan ya daskare a fuskarsa. Duk wanda ya taɓa leƙa tukunyar tuwo ya ga ƙanzon da ke kamawa a gindinta ya shiga tsakanin tukunya da tuwo. To, irin wannan ƙanzo, na daskararren ƙarfe da kashin tama da ɓarɓashin kok, shi ake so ya kama bangon tanderu, kuma ba ya kamawa sai zafin fuskar tubali ya sauko ƙasa da digiri 1,150. Daga nan aikin mai tsara tanderu ya koma neman hanyar da zafi zai bi ya fita ba tare da tangarɗa ba, daga fuskar tubali, ta cikin kabon, ta cikin turɓayar da aka daddale tsakaninsa da ɓawo, har zuwa ruwan sanyaya. Shi ya sa aka ƙirƙiro tubalin kabon mai ƙananan ƙofofi ainun, waɗanda ruwan ƙarfe ba ya iya kutsawa cikinsu. Wasu kuma suka ƙara masa kofin tangaran a fuska, ya tare wutar shekarun farko. Wasu suka fifita ƙananan tubala masu girafait da ke saurin miƙa zafi. Mazhabobi ne da kowace ke da hujjarta da nasarorinta, amma sun yi ittifaƙi a kan abu guda: siririyar tazarar iska da ba ta wuce kaurin farce ba, idan ta buɗe tsakanin tubali da ɓawo, ta isa ta yanke hanyar zafi, ƙanzo ya narke, zaizaya ta fara.

A sassan da ke bisa kasko kuwa, abin dogaro shi ne allunan sanyaya, wato manyan fale-falen ƙarfe da bututun ruwa ke ratsa cikinsu, a jera su a bayan tubali ko ma a madadinsa. Injiniyoyin Tarayyar Sobiyet ne suka fara bunƙasa su da ƙarfen zubi, Japanawa suka karɓa suka inganta. A 1979 aka fara jarraba na jan ƙarfe a tanderu na huɗu na Hamborn a Jamus, kuma da yake jan ƙarfe ya ninka ƙarfen zubi wajen sau goma a miƙa zafi, idan ƙanzo ya ɓamɓare daga fuskarsa yakan sake kamawa cikin mintoci, inda na zubi ke ɗaukar sa'o'i. Ba na so in yabe shi fiye da haƙƙinsa, domin yana da tsada, yana da laushi, kuma a tanderu da dama gogar dutse ta cinye shi kafin lokacin da aka yi masa zato, har ya zama ana ajiye shi a inda wuta ta fi tsanani kawai, a bar na zubi a sama.

Sai dai ruwan nan da ke raya tanderu shi ne kuma mafi haɗarin maƙwabcinsa. Ranar 8 ga Nuwamba 2001, a Port Talbot ta ƙasar Wales, bayan an yi kwanaki ana fama da masu sanyaya da suka ƙone suna zubar da ruwa a cikin tanderu na biyar, ruwan ya gamu da narkakken ƙarfe, tururin ya ɗaga tanderu mai nauyin tan 5,000 sama kimanin kashi uku cikin huɗu na mita, mutum uku suka rasu, goma sha biyu suka ji munanan raunuka. Ina ambaton wannan ne don ƙannena ɗalibai su sani cewa famfon ruwa, da wutar lantarkin da ke juya shi, da tankin ajiya da zai tsaya idan lantarki ya ɗauke, ba ƙananan abubuwa ba ne da ake bar wa ƙaramin ma'aikaci ba tare da bibiya ba.

Tun da cikin kasko gaibu ne ga ido, dole a kafa hujja da alama. Tanderun zamani ana binne masa ɗaruruwan ma'aunan zafi a cikin tubali, biyu-biyu a zurfi daban-daban, daga bambancin da ke tsakaninsu kwamfuta ta lissafa kaurin bangon da ya rage da kaurin ƙanzon da ke kansa. Ana kuma auna zafin ruwan da ya shiga da wanda ya fito, ana buga ɓawo da na'ura a saurari amsa-kuwwar da ta dawo. Idan wani gefe ya fara zafi, akwai matakan da ake bi, daga mai sauƙi zuwa mai ɗaci: a ƙara sanyaya, a ɗura kwaɓin kabon ta ramukan ɓawo don cike tazara, a tsawaita yumɓun kafar zuba don ƙarfe ya nisanci bango, a toshe bakin iskar da ke bisa wurin, a ƙarshe a rage yawan abin da ake narkarwa. Akwai kuma wata dabara mai ban sha'awa, ta zuba tama mai taitaniyam, kamar ilmanait, irin wanda ke cikin baƙin yashin da haƙar kuza ta bari a tudun Jos. Taitaniyam yakan haɗu da kabon da naitirojin ya zama wani abu da ba ya narkewa sai zafi ya kusa digiri 3,000, ya kwanta a inda bango ya fi sanyi ya toshe raunin. Magani ne mai kyau amma mai illa idan ya yi yawa, domin yana sa ƙarfe da kashin tama su yi kauri su ƙi zuba.

Gyaran jikin sama ya fi sauƙi. A saukar da kayan ciki har ƙasa da wurin da ya lalace, a dakatar da iska, a zura na'ura mai juyawa ta wuyan tanderu wadda ake sarrafa ta daga waje, ta wanke bango ta fesa masa kwaɓin da ke jure wuta, cikin kwana biyu ko uku a koma aiki. Allon sanyaya da ya mutu ana iya zura masa sabon bututu, ko a huda ɓawo a cusa gajerun masu sanyaya na jan ƙarfe, ko a tsaya makonni kaɗan a sauya jeri guda. Hatta zuba kaya ta sama ya zama hanyar kare bango tun da kamfanin Paul Wurth na Lukzambur ya fito da mazurari mai juyawa a 1972, wanda ke ba mai aiki ikon ajiye kok a tsakiya da tama a inda ya so, don wuta ta bi tsakiya ta ƙyale gefe.

Amfanin haɗuwar waɗannan dabaru a bayyane yake. Tanderu na biyu na Schwelgern a Duisburg ya yi aiki daga 1993 zuwa 2014 kafin a sabunta shi. Na farko na Tubarão a Barazil daga 1983 zuwa 2012. Na biyar na Wakayama a Japan daga 1988 zuwa 2019, wato ya haura shekara 30 ba a rushe cikinsa ba. Abin lura, na Tubarão da na Wakayama an gina cikinsu ne da fasahar shekarun 1980, tsarar na Ajaokuta, don haka ba sabon tubali kaɗai ya kai su ba. Istiƙamar masu riƙonsu ce, da tsabtar tama da kok, da ƙin matsa wa tanderu ya ba da abin da ya fi ƙarfinsa.

Idan kuma ajali ya zo, sai babban sabuntawa. A sauke kaya ana yayyafa ruwa ta sama har wuta ta mutu, a huda ƙasan kasko a tsiyaye ƙarfen da ya kwanta ƙarƙashin kafar zuba, wanda kan kai ɗaruruwan tan, abin da ya daskare a yanka shi ko a fasa, sa'an nan a rushe a gina. A tsohuwar hanya, ta yanka ɓawo gunduwa-gunduwa da jera tubali a cikin tanderu, aikin kan ci wata huɗu, kuɗinsa kan haura dala miliyan 100, amma asarar da ta fi ciwo ita ce ta ƙarfen da ba a zubo ba a waɗannan watanni. Don rage ta ne kamfanin Kawasaki ya zo da wata hanya a 1998, lokacin sabunta tanderu na shida na Chiba wanda ya yi aiki tun 1977: tun tsohon yana ci aka ƙera sabon a gefe, a matsayin manyan zobba da allunan sanyayarsu a jiki, kowanne ya haura tan 1,000, da aka kashe wuta aka yanka tsohon zobe-zobe aka janye ta ƙasa, aka turo sabbin ana ɗagawa ana walda, aka gama cikin kwana 62. Wasu kuma a yau, idan kasko bai lalace duka ba, sukan share ruɓaɓɓen kabon su kafa allo su zuba kwaɓi mai daskarewa a madadin jera tubali, su sami ƙarin shekaru da kuɗi kaɗan.

Yanzu mu dawo gida. An sa hannu a kwangilar Ajaokuta da kamfanin Tyazhpromexport na Sobiyet a 1979, Shugaba Shehu Shagari ya aza harsashi a 1980, aka tsara zangon farko zai ba da tan miliyan 1.3 a shekara daga tanderu mai cin kubik mita 2,000. A 1994 aka ce aiki ya kai kashi 98 cikin 100, ya kuma tsaya nan. An ba da shi jingina, aka soke a 2008, aka yi ta shari'a har 2022 da gwamnati ta amince ta biya kamfanin da aka ba jinginar dala miliyan 496; a 2023 aka kafa ma'aikatar bunƙasa ƙarafa, a 2024 aka sa hannu a takardar fahimtar juna da Rashawan da suka fara ginin. Kullum kuwa maganar da ake ji ita ce yaushe za a kunna. Ni a ganina tambayar da ta fi wannan ita ce, da me za a ciyar da shi washegarin kunnawa, da kowace rana bayanta har shekara ashirin? Tamar Itakpe ƙarfenta bai wuce kashi 36 cikin 100 ba, sai an niƙa an tace ta kai 63 ko 64, kuma tanderu zai buƙaci kusan tan 6,000 a kowace rana. Yawancin kwal ɗin ƙasarmu ba ya toyuwa ya zama kok, na Lafiya da Obi da ke toyuwa kuma toka da farar wuta sun yi masa yawa, don haka sai an shigo da shi ta teku, a ɗauko ta dogon da ya haɗa Warri da Itakpe, wanda sai a 2020 aka ƙaddamar da shi. Kun riga kun ji abin da mugun kok ke yi wa kasko, da abin da yankewar kaya ke yi wa tanderu duka. Idan ba a tabbatar da waɗannan ba, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Amma a cikin wannan jinkiri mai ɗaci akwai wata dama da ban ji ana ambatonta ba. Abin da ya fi tsada a sabunta tanderu, kamar yadda na faɗa, shi ne ƙarfen da ake rasawa lokacin da yake tsaye, da wahalar fitar da daskararren ƙarfe daga gindinsa. Tanderun da bai taɓa ganin wuta ba kuwa ba shi da ko ɗaya daga cikinsu. Mutum na iya shiga kaskonsa da ƙafarsa ya duba. Tubali da turɓaya da bututun ruwa da suka shekara talatin suna shan damina da rani wajibi ne a yi musu tahƙiƙi ɗaya bayan ɗaya, a ɗebi samfuri a kai ɗakin gwaji, kuma duk abin da duniya ta koya tun 1980, na tubalin kabon mai ƙananan ƙofofi da ma'aunan zafi da allunan jan ƙarfe, yanzu ne lokacin sa shi, domin bayan an kunna ƙofar ta rufe sai bayan shekaru goma sha biyar ko ashirin.

Adalci kuma ya wajabta in faɗi cewa akwai masana da ke ganin hanyar tanderu ba ita ce mafi dacewa da mu ba, tun da Allah ya hore mana iskar gas ya kuma ƙuntata mana kwal mai toyuwa, ga shi duniya na ƙyamar hayaƙin da tanderu ke fitarwa, wajen tan biyu a kan kowane tan na ƙarfe. Masana'antar Aladja da aka buɗe a 1982 da gas take zare oksijin daga tama, ta narkar da lantarki, ita ce kuma aka tsara ta ciyar da masana'antun mulmula ƙarfe na Katsina da Jos da Oshogbo, waɗanda suka durƙushe da durƙushewarta. Bututun gas da aka fara shimfiɗawa a 2020 daga Ajaokuta zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, ta Kaduna ya biyo. Wannan mas'ala ce ta ijtihadi, ina kuma ganin hujjar masu gas tana da ƙarfi. Amma ko wace hanya aka bi, babu wadda ta wadatu daga tubalin wuta da masu ilminsa.

A nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. Kadunar nan da muke zaune ta ga buɗe masaƙar Kaduna a 1957 zamanin Sardauna, ta ga masana'antar kayan tsaro a 1964, da ta haɗa Peugeot a 1975, da matatar mai a 1980. Ta kuma ga yadda aka rufe masaƙar farko a 2002, sauran suka bi ta, dubban magidanta suka rasa abin yi. Dalilan suna da yawa, daga lantarki zuwa fasa-ƙwauri, amma dattawan da ke zaune a nan, waɗanda suka tsare tukwanen tururi na masaƙu, shaidu ne cewa injin da aka daina saya masa kayan gyara ya fara mutuwa tun kafin a sa wa ƙofa kwaɗo. Matatar mai, da matoyan siminti na Sakkwato da Ashaka da Obajana, da ƙananan tanderun lantarki da ke narkar da ƙarafan da 'yan jari-bola ke tarawa, dukkansu tubalin wuta da turɓayar wuta suke ci, mafi yawansu kuwa daga ƙetare ake sayo su, alhali farin yumɓun Ƙanƙara da na Alkaleri na nan, ga hukumar binciken albarkatun ƙarfe a Malali, ga cibiyar bunƙasa ƙarafa a Jos, ga sashen ilmin ƙarafa a Jami'ar Ahmadu Bello. Malaman usulu sun tabbatar da cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne, sun kuma lissafa sana'o'in da al'umma ba ta tsayuwa sai da su cikin farali kifaya, wanda idan kowa ya bari laifin ya hau kan kowa.

Saboda haka nake roƙon hukumomi da attajiranmu su ɗauki ɗaya daga cikin rumfunan masaƙun nan da ke kulle, su kafa masana'antar tubalin wuta, a fara da na yumɓu wanda matoya da tukwanen tururi ke buƙata yau, kafin a kai ga na kabon. Ina roƙon kwalejin kimiyya da fasaha ta Kaduna ta buɗe horo na musamman ga magina tubalin wuta, ta kuma nemi dattawan masaƙu su koyar tun suna raye. Ku kuma ƙannena ɗalibai, kada ku raina wannan fanni don ƙurarsa da zafinsa. Ku nemi zuwa koyon aiki a matoyan siminti da masana'antun narkar da ƙarfe, ku koyi karanta ma'aunin zafi da rubuta abin da ya nuna bisa gaskiya, ko da shugabanku ba ya son ji.